Hoton Mai Hoto

In ka shiga asibitin ka tambayi ɗakin sikanin, masinja zai nuna maka ƙasa da hannu, ya ce ka sauka matattakala, ka wuce wurin ɗibar jini, in ka fara jin sanyi to ka iso. Don na'urar ake sanyaya ɗakin, mutane raɓa kawai suke yi. A can za ka same ta, gajeriyar mace mai faɗin kafaɗa, tabarau rataye a wuya, da takalmin roba da ya san kowane tayil na wurin. Ma'aikata suna ce mata Anti Sikanin. A gida kuwa Auta ce, kuma ba ta da ranar fita daga wannan suna, ko da yake furfura ta fara leƙowa ta gefen kunnenta.

Aikinta ɗaukar hoton cikin jikin mutum. Tana ɗaukar kai, tana ɗaukar ciki da ƙashin baya, amma a kan zuciya take cika baki. Akwai mutanen da jijiyar da ke kai wa zuciyarsu jini ta taɓa cushewa, likita ya zura musu wata 'yar raga ta ƙarfe da ake kira sitent, ya buɗe ta a ciki ta tokare jijiyar don jini ya samu hanya. Girmanta bai wuce na murɗaɗɗiyar wayar nan ta cikin biro ba. A jikin yawancin mutane ragar tana zama lafiya lau. A jikin wasu kuwa nama ne ke tsirowa a cikinta sannu a hankali, har hanyar ta sake matsewa. In likita ya yi zargin haka, ɗaya daga cikin hanyoyin da yake bi shi ne ya turo mutum ƙasa wurin Auta.

Kada ka ɗauka danna maɓalli ne kawai. Zuciya ba ta tsayawa don a ɗauke ta hoto, ƙarfe kuma ƙyalli yake yi a hoton ya kashe abin da ke kusa da shi, ga shi abin da ake nema yana can cikin ƙarfen. Sai bugun zuciya ya sauka wajen sittin a minti ɗaya, mutum ya riƙe numfashi bai motsa ba, a daidai lokacin da ruwan da aka ɗura masa ta hannu yake bi ta jijiyar yana haska ta. In ɗaya ya kuskure, hoton ya yi rawa, an ɓata ruwa an ɓata lokaci. Akwai ƙwayar da likita ke bayarwa ta rage gudun zuciya, amma ƙwaya ba ta san tsoro ba. Mutum zai sha ta ya zauna lafiya a benci, yana kwanciya ya ga wannan ƙaton zoben na'ura zai haɗiye shi, sai zuciyar ta kwasa da gudu.

A nan Auta ta yi suna. Na'urar ta zo da muryarta, ta wata mata da aka naɗa, mai cewa a ja numfashi a riƙe. Auta ba ta shiri da wannan mata ko kaɗan, cewa take yi magana take kamar mai sanar da tashin mota. Kashe ta take yi ta ja makirfo gabanta. Daga bayan gilashi sai ka ji wata murya ta fito ƙasa-ƙasa, a hankali, mai sanyi, kai ka rantse ba daga bakin matar nan da ta gama yi wa masinja tatas take fita ba. Da wannan murya ta kwantar da wani ƙaton mahauci da ya zo yana rawar jiki har gadon na ƙara. Da ita ta lallashi wata tsohuwa da ta ce ba za ta shiga rami da ranta ba. Likitan zuciya kan ce in ƙwaya ta gaza a kira Anti, ita kuwa ba ta taɓa yin kawaici a kan yabon nan ba. Cewa take yi a kawo mata kowa, in dai yana da kunne.

A shagon yayanta ta samo muryar. Mahaifinsu ya rasu tana ƙarama, Yaya ne ya riƙe gidan, shi da kyamararsa. Shagon yana ƙasan wani bene, tsakanin tela da mai sayar da magani, kuma duk layin Mai Hoto suke ce masa. Akwai labule mai zanen tafki da wani gida da ba a taɓa ginawa ba, da kujera mai juyawa, da madubi da mataji ɗaure da zare don kada a tafi da shi. Can ciki akwai ɗakin duhu mai jan ƙwan fitila. In ta taso daga makaranta a nan take yini, tana girgiza tiren ruwan wankin hoto, tana kallon farar takarda har fuskar mutum ta fara fitowa. Har yau ba ta ga abin da ya kai wannan daɗin kallo ba.

Murya biyu gare shi. Akwai ta gida, mai kaushi, ta tsawa da tsokana, wadda yake kiran Auta da ita yana ce mata sarkin surutu. Akwai kuma wadda yake kira muryar kwastoma. Ita yake fito wa yaron da ya ga fitila ya fashe da kuka, ko matar da aka yi wa rasuwa ta zo ɗaukar fasfo idonta a kumbure. Ya koya wa Auta yadda ake sauke ta, da inda ake jan numfashi a tsakiyarta, ya kuma gaya mata ba kowa ake yi wa ita ba, sai wanda yake da dalilin jin tsoro. Wani abin da ta ɗauka a wurinsa shi ne ƙin hoto mai rawa. Ko kwastoma ya ce ya gani yana so a haka, Yaya sai ya yaga shi a gabansa ya ce a sake zama, don hoton da ya yi rawa ƙarya yake yi.

Shi kansa kuwa ba a ɗaukarsa. Ya ɗauki aure da suna da kammala makaranta na kusan kowane gida a unguwar, amma in ka buɗe kundin hotunan gidansu ba za ka gan shi ba, yana can bayan kyamara. In ka cire na katin shaida, wanda ya fito a ciki kamar an kama shi da kayan wani, babu hotonsa a duniya. Auta ta yi naci har ta gaji. Da ta ce ita ma sana'ar za ta gada, ya ce shago ɗaya ba ya ɗaukar masu taurin kai biyu, ya tura ta makarantar koyon aikin lafiya. Ranar da ta dawo ta ce masa ta zaɓi ɓangaren ɗaukar hoton ƙashi, ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wato ko asibiti aka kai ta sai ta nemo kyamara.

Haka suka girma, haka suka fara tsufa, ba sa haɗuwa a rabu ba a yi faɗa ba. Ta yi masa faɗan sukarin da yake zubawa a shayi, ya yi mata na tuƙinta, ya ce ko amalanke bai kamata a ba ta ba. Matar Yaya, mace mai sanyin hali, ta daɗe da daina raba su. Ta ce ranar da ta ji sun gaisa cikin ladabi, ranar za ta san wani abu ya faru.

Shekarun baya wani abu ya faru ɗin. Yana ɗaga ƙarfen fitila a shago sai ya dafe ƙirji ya sulale, tela ne ya ji faɗuwarsa. Aka kawo shi asibitin nan, aka zura masa siririyar roba ta jijiyar hannu har zuciya, aka sa masa raga. Ya warke garau, ya koma aiki, har yana yi wa tela gorin cewa shi yanzu da ƙarfe a jikinsa, a kiyaye shi. Yana shan magungunansa, don matarsa ba ta ba shi abinci sai ya sha.

Sai wata rana matar Yaya ta kira Auta a waya tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce kwanan nan in yana hawa bene sai ya tsaya a tsakiya ya ciro waya yana dubawa, alhali ba wanda ya kira shi. In ya ɗauka ba ta kallo, sai ya riƙa murza ƙirji. Auta ta je ta tsare shi, ya ce iska ce ta cika masa ciki. Ta ce ita ma iskar ce za ta kwaso shi zuwa asibiti, kuma ta kwaso shi.

Likitan zuciya ya saurare shi, ya auna abin da zai auna, ya ce yana zargin ragar ta fara matsewa, kuma ya fi so a sake zura robar nan a leƙa, in an ga matsala a gyara a take. Yaya ya yi kememe. Ya ce wancan karon ɗauko shi aka yi bai san inda kansa yake ba, amma yanzu da hankalinsa, ba mai zura masa waya a zuciya a kan zargi. In akwai abu, a nuna masa. Likita ya yi lallashi, matarsa ta yi kuka, Auta ta yi masifa, duk a banza. Daga ƙarshe likitan ya ce ragar tasa tana da ɗan faɗi, mai yiwuwa sikanin ya iya nuna cikinta, a gwada.

Yaya ya yarda, amma da sharaɗi. Sau ɗaya zai kwanta. In hoto ya fita tas ya ga matsalar da idonsa, zai miƙa hannu a yi masa duk abin da za a yi. In kuwa ya yi rawa, to kowa ya shafa masa lafiya, kada a sake tayar masa da maganar. Matarsa ta ɗauka cika baki ne. Auta ta san ba haka ba ne, ta ga hotunan da mutumin nan ya yaga.

Duk da haka ba ta damu ba. Ita da ta kwantar da mahauci, yayanta ne zai gagare ta? Dokar wurin ba ta bari ma'aikaci ya ɗauki ɗan'uwansa da hannunsa, don haka ta roƙi abokin aikinta, wanda suke kira Dogo, ya zauna a kan na'ura, ita a bar mata makirfo. Dogo mutum ne da ba ya son doguwar magana, ya ɗaga kafaɗa ya ce to.

Ranar da safe Yaya ya zo cikin riga mai guga, fuska a murtuke saboda an hana shi shayi. Tun daga ƙofa ya fara kushe fitilun ɗakin, ya ce wanda ya jera su bai san haske ba. Ya sha ƙwayarsa ya zauna a benci yana tsokanar nas, da aka auna shi bugun yana sittin da 'yan kai, abin sha'awa. Aka sa masa rigar asibiti, aka manna masa wayoyi a ƙirji, nas ta sa masa allurar da ruwan zai bi. Ya kwanta ya miƙa hannuwa sama da kai. Auta ta yi masa bayanin da take yi wa kowa, cewa in ruwan ya shiga zai ji ɗumi ya bi jikinsa, har ya zaci ya yi fitsari a kwance, kada ya damu bai yi ba. Ya ce in ma ya yi ai gadon nasu ne, ba nasa ba. Ta harare shi ta fita, ta koma bayan gilashi wurin Dogo da likita.

Ta ja kujera, ta gyara makirfo, ta sauke murya yadda ta saba. "Yaya, ka saki jikinka. Ba komai. Ina nan tare da kai, yanzu za a gama."

Lambar da ke kan allo ta motsa. Ta bar sittin ta hau saba'in. Auta ta ce a ranta somin kwanciya ne, kowa yana yi. Ta ƙara sanyaya muryar, ta ja kalmomin, ta ce ya tuna wani wuri mai daɗi, ya bar komai a hannunta. Lambar ta wuce tamanin. Dogo ya waiwayo ya dube ta, kuma kallon nasa ya fi mata zagi ciwo.

Likita ya shiga ya ƙara masa magani ta allurar hannu. Aka jira, bugun ya ɗan sauko. Auta ta sake buɗe baki da muryar nan tata mai suna, bugun ya sake tashi kamar ta zuga shi. Dogo ya yi gyaran murya ya ce ko a gwada matar cikin na'ura. Da a wata rana ce daban da ta cinye shi ɗanye, amma ta ce a gwada. Matar ta yi sanarwarta ta gwaji, lambar ko gezau. Likita ya duba awon jininsa ya girgiza kai, ya ce ba zai iya ƙara magani ba, jinin ya yi ƙasa. In bugun bai sauka ba sai dai a ɗaga zuwa wata rana, don ɗauka a haka ɓarnar ruwa ce kawai.

Auta ta san babu wata rana. In mutumin nan ya sauka daga gadon nan ya sa rigarsa mai guga, ya tafi ke nan, zai koma yana tsayawa a tsakiyar bene yana duba waya har ranar da tela zai sake jin faɗuwa. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ta manta da shi tun tana sabuwar ma'aikaciya. Ta ce wa Dogo ya dakata, ta tura ƙofa ta shiga.

Yana kwance yadda ta bar shi, hannuwa a sama, idonsa a kan silin. Ba ta taɓa ganin ya yi ƙanƙanta haka ba. Gefen idonsa ya jiƙe, kuma ba shi da hannun gogewa. Bai juyo ba ya ce, "Auta, me kuka gani?"

Ta ce ba su ga komai ba, ai ko ɗauka ba a yi ba.

"To me ya sa kike yi mini muryar kwastoma?"

Ta matso gefen gadon.

"Ni na koya miki ita, na san wanda ake yi wa," ya ce. "Rabon da ki yi mini magana haka tun ranar da kika fito daga ɗakin da Mama take kwance, kika ce Yaya zauna tukuna."

Ta tuna. A saman benen asibitin nan ne, a baranda, kuma da wannan murya ta gaya masa mahaifiyarsu ta cika. Ashe tun da ta danna makirfo mutumin nan yake kwance yana jiran a gaya masa tasa ta ƙare, ita kuwa tana can tana ƙara wa muryar zuma. Kunya ta rufe ta, tausayi ya biyo baya. Da ta tsaya a kan tausayin da kuka za ta yi, kukan kuma ya ƙarasa ɓata aikin. Allah Ya taimake ta haushi ya zo a kan lokaci, nata da nasa a haɗe, ta kama ƙugu.

Ta ce masa ya ji kunya wallahi. Mutumin da ya yi shekaru yana daka wa 'ya'yan mutane tsawa su tsaya cak, yau an ce ya kwanta kawai ya kasa. Ta ce ga mutane can a benci tun safe da yunwa suna jiran ya gama shagwaɓarsa. Ta ce da ya san yana da tsoro haka da bai tsaya yi wa likita sharaɗi ba kamar mai sayar da fili. Ta dubi ƙafarsa ta ce kuma duk gugar rigar nan ashe safa mai huji ya sako, babban yatsa a waje yana gaida jama'a, ya zo ya kunyata ta a wurin aikinta.

Ya ce safar tasa ce, yatsan ma nasa ne. Ta ce wayar da yake tsayawa dubawa a bene fa, wa ke kiransa, shi da ko matarsa sai ta rasa abin yi take nemansa. Ya ce aƙalla shi bai taɓa goge motarsa da ƙofar gidan mutane ba. Ta ce sau ɗaya ne, kuma ƙofar ce ba a gina ta daidai ba. Ya yi tsaki, gefen bakinsa ya motsa, ya ce sarkin surutu, da ma ya san ba za a gama abin nan lafiya ba sai ta sa baki.

Aka ƙwanƙwasa gilashi. Ta waiwaya ta ga Dogo yana nuna allo da yatsa, likita a bayansa ya rufe baki da hannu. Lambar tana sauka kamar mai saukowa daga tsani. Ba ta tsaya sallama ba, ta fita ta ja ƙofa, ta zauna ta fizgo makirfo. Sittin da biyu. Dogo ya saki ruwan, suka zuba wa allo ido har hasken ya iso inda ake jira.

"Kai, Mai Hoto," ta ce da muryarta ta gida, mai kaushi. "Ja numfashi. Riƙe. Ka motsa in yaga hoton a gabanka."

Gadon ya shige cikin zoben, na'urar ta yi kukanta. Ta cikin gilashi tana hango yatsan nan da ya leƙo ta safa, ko shi bai motsa ba. Sai da Dogo ya ɗaga hannu ta ce masa ya saki, sannan ta lura ita ma ashe riƙe da nata numfashin take.

Hotunan suka fara fitowa a allo. Dogo ya juya zuciyar, ya bi jijiyar, ya miƙe ta a tsaye. Ga ragar nan, kowace waya a wurinta, ba rawa ba hazo. Ruwan ya shigo ta sama fari tas da faɗinsa, yana isa tsakiyar ragar sai wani duhu ya matso shi ta gefe ya koma siriri kamar zare, sannan ya sake buɗewa a ƙasa. Auta ta ga irin wannan ba adadi, ba ta bukatar a fassara mata. Gabanta ya faɗi. A lokaci guda kuma wani ɓangare nata, wanda ya girma a ɗakin duhu, yana cewa kai, hoton nan ya yi kyau. Ba aikinta ba ne faɗin sakamako, don haka da ta shiga cire masa wayoyi ya tambaye ta, cewa ta yi ya tashi ya ba mutane wuri, likita zai kira shi.

A ofishin likita aka zauna su huɗu, da matar Yaya da ta yini a benci tana murza gefen mayafi. Likitan ya fara bayani, Yaya ya ɗaga masa hannu ya ce a juyo masa allon tukuna. Ya ciro tabarau ya sa. Ya kai fuskarsa kusa, ya ja baya, ya karkata kai, yadda yake yi wa hoto in ya tsamo shi daga ruwa. Ya tambaya wanne ne ƙarfen, aka nuna masa. Ya tambaya farin nan fa, aka ce hanyar jini ce. Ya bi farin da yatsa daga sama, a hankali, har ya iso inda ya zama zare, yatsan ya tsaya a nan. 

"Bai yi rawa ba," ya ce.

Likita ya ce ko kaɗan, da wuya ma a samu wanda ya fi shi fita.

"Wa ya ɗauka?"

"Dogo ne ya danna," in ji Auta. "Ni na tsayar da kai."

Ya cire tabarau ya naɗe, ya daɗe yana sa shi a aljihu. Sannan ya dubi likita ya ce a sa masa rana. Matarsa ta sunkuyar da kai tana share hawaye, shi kuwa ya ƙara da cewa yana da bukata ɗaya, a wanke masa wannan hoton a takarda mai kyau, ba irin ta ofis ba.

Ranar aikin Auta ta hau sama ta raka gadonsa har ƙofar ɗakin. Da suka kusa, ta ji muryarta tana neman yin laushi da kanta, ya kuwa buɗe ido ɗaya ya dube ta. Ta haɗiye, ta ce ya yi sauri a gyara shi ya fito, ita tana da aiki a ƙasa, ba zaman banza take yi irin nasa ba. Ya lumshe ido hankalinsa kwance aka tura shi ciki. Ƙofar na rufuwa ta zauna a benci kusa da matar Yaya, kuma ba ta sauka ƙasan ba sai da likita ya fito ya ce an buɗe hanyar, jini na wucewa.

Tana nan a ɗakinta mai sanyi har yanzu, da tabarau a wuya, kuma ba ta daina cika baki ba. Muryar ma tana nan, tana aiki a kan mafi yawan mutane. Sai dai yanzu kafin ta ja makirfo takan ɗan tsaya hira da mutum a benci ta ji irin maganar da ya saba da ita a gida. Akwai wani tsohon direba da sai da ta ce masa ya daina yi mata taurin kai sannan zuciyarsa ta kwanta, Dogo yana gefe yana danne dariya.

Yaya kuwa yana hawa benensa ba ya duba waya. Aikin shago ya ja baya tunda kowa ya zama mai hoto da wayarsa, amma yana buɗewa kullum, ko don fasfo da faɗa da tela. A bangon da ya jera amare da jarirai da 'yan makaranta, ya cire wani ya sa sabon firam a tsakiya, daidai inda haske ya fi faɗawa. Baƙi ne da fari, wani farin layi ya ratsa cikin 'yar raga ya tsuke a tsakiya. Kusan duk wanda ya zauna a kujera mai juyawa sai ya tambaya wannan kuma mene ne. Yaya yakan ci gaba da gyara fitilarsa, ba ya ko waiwayowa.

"Hotona ne," yakan ce. "Ƙanwata ta ɗauka."